Yadda ake shirya wa gasar Figa ta mata a karon farko, daga ɗaga ƙarfe zuwa ranar hawa dandamali

Na yi shekaru ina shirya mata don gasar Figa a nan Amurka, ni ma kuma sai da na hau dandamalin kafin in fara koyar da wasu. Tambayar farko da sabuwar shiga take yi mini kusan kullum ɗaya ce: "Anti, me zan daina ci?" Nakan ce mata ba daga nan zance ya fara ba. Rage abinci ba ya gina komai, yaye kitse kawai yake yi don a ga abin da ke ƙarƙashinsa. In akwai tsoka a wurin za ta fito, in kuwa babu, ramammiyar mace kawai za a gani tsaye cikin takalmi mai tsini.

Figa rukuni ne na gasar gina jiki ta mata. Ƙungiyar NPC, mai shirya gasannin gina jiki a Amurka, ta fara shi a 2001, a 2003 kuma aka yi gasar Figa ta farko a Olympia, babbar gasar ƙwararrun masu gina jiki, Davana Medina ta cinye. Yana tsakanin rukunin Bikini, inda ake son tsoka kaɗan, da rukunin Fizik, inda ake son ta da yawa har a danƙare ta a nuna. Alƙalan Figa suna neman kafaɗu masu faɗi da zagaye, gadon baya da ya buɗe daga sama ya tsuke zuwa ƙugu, cinyoyi masu cika ta gefen waje, da jikin da sama da ƙasansa suka yi daidai da juna. Ana so a ga rabuwar tsoka da tsoka, amma ba a son bushewar da har zare-zaren naman zai fito. Ki nemi hotunan Nicole Wilkins, wadda ta ci Olympia sau huɗu, ko Cydney Gillon da ta fara cinyewa a 2017 ta riƙe kambun shekara da shekaru, za ki gane siffar da ake nufi. Sai dai kada ki auna kanki da su, waɗannan ƙwararru ne da suka daɗe a harkar.

Abu ɗaya zan faɗa tun yanzu don kada ki ce ban faɗa ba. Kayan da ake hawa dandamali da su guda biyu ne ƙanana, maza da mata na kallo, ana ɗaukar hoto, hoton kuma ba ya gogewa daga intanet. Yawancin 'yan uwanmu da na horar sun bi shirin har ƙarshe amma ba su hau ba, sun ɗauki hotonsu a gida sun ajiye. Wannan shawara taki ce da iyalinki, ki yanke ta kafin ki kashe ko sisi.

Kayan da za ki tanada

Tun daga ranar farko:

- Sikelin abinci na kicin, mai nuna giram. In kuɗinki na abu ɗaya ne, shi za ki saya.
- Sikelin auna nauyin jiki da tef irin na tela.
- Jim, wato gidan motsa jiki, mai sandar ƙarfe da dambel (gajeren ƙarfen da ake ɗagawa da hannu ɗaya) da injin ja na igiya. In babu jim kusa, dambel masu canza nauyi da benci da sandar lilo ta bakin ƙofa za su kai ki wani wuri, amma gina gadon baya da cinya a gida yana da wuya ƙwarai.
- Littafin rubuta nauyin da kika ɗaga. Na takarda ya fi, waya tana ɗauke hankali.
- Manhajar lissafin abinci, kamar Cronometer ko MyFitnessPal.
- Robobin zuba abinci masu murfi, kamar goma sha biyu.
- Takalmin gasa mai tsini, irin mai haske kamar gilashi, tsayin inci 4 zuwa 5, da madubi mai nuna jiki duka.

Na daga baya: kayan gasar, katin zama 'yar ƙungiya, kuɗin rajista, fentin jiki, gam na manne kaya a fata, kwalliya da gyaran gashi, ɗakin otal. Sabbin kayan gasa masu duwatsu sukan ci ɗaruruwan daloli. A karon farko ki yi haya ko ki sayi na hannu daga wadda ta gama da nata, alƙali ba ya ƙirga duwatsu.

Mataki na 1: Ki ga likita, sannan ki je ki kalli gasa

A yi miki gwajin jini: yawan jini da sinadarin ƙarfe a cikinsa, sukari, ƙoda, hanta, da tayirod (ƙullin da ke wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci). Mace mai ƙarancin jini in ta rage abinci ta ƙara motsa jiki, jiri ne zai kayar da ita a mako na shida. Ki san kuma rukunin jininki na sikila. Mai AS tana iya yin wasan, amma ƙarancin ruwa a jiki tare da aiki mai tsanani haɗari ne a gare ta fiye da sauran mutane, dole likita da mai horar da ita su sani.

Ba na karɓar mai ciki, ko mai shayarwa, ko yarinyar da ba ta kai 18 ba. Haka wadda ta taɓa fama da matsalar cin abinci, irin ta ƙin ci ko cika ciki a amayar. Watanni biyar na auna kowace loma yakan tayar da wannan ciwon ko da ya daɗe da kwanciya.

Daga nan ki sayi tikiti ki je ƙaramar gasa ta kusa da ke. Gani ya kori ji. Ki je zaman safe, ba na dare ba, domin da safe ake yin alƙalanci na gaske.

Mataki na 2: Zaɓen ƙungiya da rana

A Amurka NPC ce mafi girma, ita ce kuma hanyar samun katin ƙwararru na IFBB Pro League, amma yawancin gasanninta ba a gwajin ƙwayoyin ƙara tsoka. Ƙungiyoyin WNBF da OCB kuwa suna gwaji, da fitsari da na'urar gano ƙarya. Ga wadda ba ta shan komai, nakan ba da shawarar ta fara da masu gwaji, don ta tsaya kusa da irinta. A Turai da wasu ƙasashe, ƙarƙashin IFBB ta ƙasa da ƙasa, wannan rukuni sunansa Body Fitness. Kowace ƙungiya da dokokinta a kan yankan kaya da tsayin takalmi da tsayuwa, ki karanta na taki da kanki.

Ana raba mata ne bisa tsayi, ba nauyi ba. Akwai ajin waɗanda ba su taɓa hawa ba, da ajin sababbi, da na kowa da kowa, da na masu shekara 35 zuwa sama. Ki shiga na waɗanda ba su taɓa hawa ba, in kina so ki ƙara ɗaya. Kowane aji da kuɗinsa.

Sai ki ɗauko kalanda. In kina azumi, kada makonni takwas na ƙarshe su faɗa cikin Ramadan. Na gwada da wata ɗalibata, mun sha wuya, ƙarfinta ya zube, muka ɗage zuwa wata gasar. Ki duba kuma bikin 'yan uwa, jarrabawa, tafiya gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na 3: Watannin gini

Nan ne gasar take, kuma nan ne kowa ke son tsallakewa. Wadda ba ta taɓa ɗaga ƙarfe da tsari ba tana bukatar aƙalla shekara guda, sau da yawa biyu, kafin ta fara maganar rage kitse. Wadda ta riga ta daɗe a jim, watanni shida na gyara wuraren da suka gaza sukan isa.

A wannan lokaci ana ci ne a ƙoshi. Ki ci daidai abin da jikinki ke ƙonawa ko ki ɗara da kalori 200 a rana, furotin kuma giram 1.6 zuwa 2.2 a kowane kilo na nauyinki. Za ki ɗan yi ƙiba, wandonki zai matse. Ki haƙura.

Ga tsarin da nake ba yawancinsu, kwana biyar a mako. "Zagaye" na nufin ki ɗaga sau adadin da aka ce, ki ajiye, ki huta minti ɗaya da rabi zuwa uku.

- Litinin, cinya ta gaba: sikwat (tsugunawa a miƙe) da sandar ƙarfe, zagaye 4 sau 6 zuwa 10, injin tura ƙafa, zagaye 3 sau 10 zuwa 12, taku mai tsawo da dambel a hannu, injin miƙe gwiwa.
- Talata, kafaɗa da ɗan ƙirji: tura dambel sama a zaune, zagaye 4 sau 8 zuwa 10, ɗaga dambel ta gefe, zagaye 4 sau 12 zuwa 20, buɗe hannu a sunkuye don bayan kafaɗa, tura dambel a kan benci mai jingina.
- Laraba, gadon baya: jan sanda daga sama da hannu a buɗe, zagaye 4 sau 8 zuwa 12, jan igiya a zaune, jan dambel da hannu ɗaya, sai damtse kaɗan.
- Alhamis, hutu.
- Juma'a, bayan cinya da ɗuwawu: dedlif (sunkuyawa a ɗago ƙarfe) da gwiwa a ɗan lanƙwashe, zagaye 4 sau 8 zuwa 10, tura ƙugu sama da ƙarfe a kai, injin naɗe ƙafa, sharaɓa.
- Asabar, kafaɗa da baya kuma a karo na biyu, da nauyi mai sauƙi da yawan ɗagawa.

Kin ga kafaɗa da baya sun zo sau biyu. Ba kuskure ba ne. Ƙashin ƙugunki ba zai tsuke ba ko me za ki yi, amma in kafaɗa ta faɗaɗa, ido zai ga ƙugun ya ƙanƙance. Shi ya sa ɗaga dambel ta gefe, wanda ake rainawa saboda ƙanƙantar nauyinsa, ya fi kowane motsi daraja a wurin 'yar Figa. Ki yi shi a hankali, gwiwar hannu ce ke jagora, kada ki yi lilo da jiki. Kilo 4 da aka ɗaga da kyau ya fi kilo 10 da aka wurga.

Dokar gini guda ɗaya ce: littafinki ya nuna ci gaba. In yau kin ɗaga kilo 40 sau takwas, nan da makonni ki kai sau goma, sannan ki ƙara nauyi ki koma takwas. Ki riƙa tsayawa alhali saura ɗagawa ɗaya ko biyu ƙarfinki ya ƙare. Kuskuren da na fi gani shi ne mace ta shekara tana ɗaukar dambel iri ɗaya don tsoron kada ta koma kamar namiji. Ba za ki koma ba. Mu da muke neman tsokar ido rufe ma da ƙyar take zuwa.

Cikin abubuwan da ake sayarwa a gwangwani, biyu kawai nake sa ɗalibaina su saya: garin furotin na madara don cike giɓi, da kiriyatin, garin da ke taimaka wa ƙarfin tsoka, giram 3 zuwa 5 a rana. Sauran yawanci cin kuɗi ne, wasu ma akan samu haramtattun sinadarai a ciki da za su kayar da ke a gwaji.

Mataki na 4: Lissafin makonni

Kafin ki rage komai, ki yi mako biyu kina auna duk abin da kike ci kina rubutawa, kina kuma hawa sikeli kowace safiya bayan kin zaga, kafin ki ci ko ki sha. In nauyinki bai motsa ba, matsakaicin kalorin da kika ci shi ne abin da jikinki ke ƙonawa. Wannan ya fi duk wani lissafin intanet gaskiya.

Saurin da ake so shi ne ki rasa rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinki a mako. Mu ɗauki mace mai kilo 65 da ke bukatar sauke kilo 8. Rabin kilo a mako, makonni 16 ke nan. Ki ƙara uku ko huɗu saboda rashin lafiya da makonnin da sikeli zai ƙi motsi, ya zama 20. Kusan kowace sabuwar shiga tana raina yawan kitsen da ke jikinta, musamman a cinya da ɗuwawu, inda yake barin mace a ƙarshe. In lissafi ya nuna sai kin sauke kilo 15, wannan gasar ba taki ba ce, ki zaɓi ta gaba.

Mataki na 5: Abincin rage kitse

Giram ɗaya na furotin kalori 4 ne, na sitaci 4, na mai 9. Iya ilimin da kike bukata ke nan.

Mu koma ga mai kilo 65, a ce tana ƙona 2,100 a rana. Za ta fara da 1,750. Furotin giram 140, kalori 560. Mai giram 55, kalori 495. Ragowar 695 na sitaci ne, kusan giram 175. Furotin ba a taɓa shi har ƙarshe. Mai kada ya sauka ƙasa da giram 40 ko kusa da haka, domin sinadaran jikin mace suna bukatarsa. In za a rage, daga sitaci ake ɗan tsakura.

Ba sai kin koma cin abincin Turawa ba. Ƙirjin kaza dafaffe giram 100 yana ba da furotin kusan giram 30. Ƙwai ɗaya giram 6. Akwai kifi, jan nama marar kitse, yogot marar sukari, wake. Na sitaci kuwa shinkafa, dankalin Hausa, doya, alkama, ko tuwo in kin auna garin kafin ki tuƙa. Miyar kuka da kuɓewa da zogale da alayyafo duk abokan tafiya ne, suna cika ciki ba tare da kalori mai yawa ba. Daddawa da yaji da citta, ki zuba yadda kike so.

Inda girkinmu ke kayar da mutum shi ne mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, mu kuwa da ludayi muke zubawa. Gyaɗa giram 100 ta haura kalori 550, don haka miyar taushe da ƙuli-ƙuli da tsire mai tunkuza da yawa sai da awo. Wata ɗalibata ta yi mako uku nauyinta bai motsa ba, tana rantsuwa ba ta karya doka ba. Da na je kicin ɗinta na tsaya ta yi miya a gabana, sai ga shi man da take soya albasa kaɗai ya cinye duk ragin da muka yi. Tun daga nan nake cewa kowa ta dafa tukunyarta daban, ta ɗora kwalbar mai a sikeli kafin ta zuba da bayan ta zuba.

Wani tarkon kuma: shinkafa ɗanya giram 100 kalori 360 ce, dafaffa kuwa wajen 130, saboda ta sha ruwa. Ki zaɓi hanya ɗaya, ɗanye ko dafaffe, ki tabbata abin da kika shigar a manhaja ya dace da ita.

Ki raba abincin sau huɗu, kowanne da furotin giram 30 zuwa 40, mafi yawan sitacin kuma kafin jim da bayansa. Ki yi girki sau biyu a mako ki zuba a robobi. Gishiri ki ci kamar yadda kika saba, ruwa lita uku ko fiye.

In babu sikelin abinci, tafin hannunki na nama a kowane ci, dunƙulen hannu ɗaya na shinkafa, babban yatsa ɗaya na mai. Zai yi aiki a watannin farko, amma makonni takwas na ƙarshe sai da sikeli.

Mataki na 6: Jim da tafiya a lokacin ragewa

Kada ki canza tsarin ɗaga ƙarfe. Tsohon zance ne cewa a koma ƙananan nauyi sau talatin don a "yanka" tsoka. Nauyin da ya gina ta shi ne zai riƙe ta. In gajiya ta yi yawa, ki rage yawan zagaye, ki bar nauyin yadda yake.

Tafiya kuwa, ki fara da taku 8,000 zuwa 10,000 a rana, da minti 25 a kan injin tafiya mai gangare sau uku a mako. Kada ki fara da awa guda kullum. In kin harba duk harsashinki a makon farko, me za ki harba a mako na sha biyu?

Mataki na 7: Duba kai kowane mako

Ranar Lahadi ki fitar da matsakaicin nauyin kwana bakwai ki gwada da na makon jiya. Ki auna ƙugu da cinya. Ki ɗauki hoto gaba da gefe da baya, wuri ɗaya, haske ɗaya. Kwanakin da ke gab da al'ada jiki yakan riƙe ruwa, kilo ɗaya ko biyu su hau a banza, kada ki taɓa abincinki a wannan mako. Sai matsakaicin ya tsaya mako biyu cif, awo ma bai canza ba, sannan ki cire kalori 100 zuwa 150, ko ki ƙara tafiya. Ɗaya daga ciki, ba duka biyun ba.

Daga tsakiyar shiri nakan sa kwana ɗaya ko biyu a mako da ake mayar da abinci daidai abin da jiki ke ƙonawa, ƙarin duka daga shinkafa ko dankali. Ba ranar walima ba ce, ita ma a aune take.

Yanzu ga maganar da ta fi duk lissafin nan muhimmanci. In al'adarki ta ɗauke, jikinki ne ke cewa abincin bai ishe shi ba har ya fara rufe wasu ayyuka. A jim za ki ji ana cewa ai haka abin yake, kowa ma tata ta tsaya. Yawan faruwarsa bai mayar da shi lafiya ba. Sinadarin jikin mace mai suna estirojin ne ke sauka, ƙashi kuma yana rasa ƙarfi a ɓoye. Kwamitin Olamfik na duniya ya ba wa wannan matsala suna RED-S tun 2014. In kin tsallake wata biyu, ko gashi na zuba, ko kina jin sanyi kullum, ko barci ya ƙaurace, ko jiri na ɗibarki in kin miƙe, ki ƙara abinci ki ga likita. Gasa ana yin ta kowane wata.

Haka nan duk mai horarwa da ya kawo miki ƙwaya ya ce "ƙarama ce, ta mata ce", ki tattara kayanki. Anavar da ire-irensa na ƙwayoyin ƙara tsoka sukan kaurara murya su fito da gashin fuska, muryar kuma in ta canza sau da yawa ba ta dawowa. Kilenbutarol, wanda ake sha don ƙona kitse, yana taɓa zuciya.

Mataki na 8: Tsayuwa

Ki fara tun saura makonni 16, minti 10 kullum bayan jim, cikin takalmin gasa. Saura makonni 6, ki kai minti 20 zuwa 30.

Juyi huɗu ne za ki yi a gaban alƙalai, kullum ta dama. A tsayuwar gaba, diddige a haɗe, cinya a ɗaure, ciki a shanye, ƙirji a sama, tsokar gefen baya a buɗe kamar fukafuki, hannuwa a ɗan nesa da jiki, yatsu a sake. Kafaɗa kada ta hau kunne. Sai gefe, sai baya, inda za ki kawar da gashi gefe guda don a ga bayan duka, sai ɗaya gefen. Buɗe fukafukin nan shi ne mai wuya, wasu sukan yi wata guda kafin su ji tsokar. Ki dafa ƙugu da hannu biyu, ki tura gwiwar hannu gaba, ki ji bayan ya faɗaɗa, sannan ki saki hannun a hankali ba tare da faɗin ya tafi ba.

Ki koyi riƙe kowace tsayuwa minti guda kina numfashi kina murmushi, domin alƙalai sukan bar ku tsaye har ƙafa ta fara rawa. Bayan wani lokaci ki juya wa madubi baya ki koma ɗaukar bidiyo, a dandamali babu madubi. In da hali ki biya mai koyar da tsayuwa ko sau uku ne. Na sha ganin mai jiki na biyu ta doke mai jiki na ɗaya saboda ta iya nuna abin da take da shi.

Mataki na 9: Makon ƙarshe

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In saura mako guda kitse bai sauka ba, babu dabarar ruwa ko gishiri da za ta gyara. In kuwa ya sauka, aikinki shi ne kada ki ɓata.

Jim na ƙarshe mai nauyi na ƙafa ya zama saura kwana shida ko bakwai, sauran jiki da sauƙi har zuwa Laraba in gasar Asabar ce. Alhamis da Juma'a ki ƙara sitaci daidai gwargwado daga abincin da cikinki ya sani, ki rage ganye da wake da duk abin da ke kumbura ki. Ruwa da gishiri ki bar su yadda suke. Tsoka tana ajiye sitaci ne tare da ruwa, in kin hana ta ruwa sai ta yi laushi ta lotsa. Ƙwayar sa fitsari kuwa kisa take yi. Mohammed Benaziza, ƙwararren ɗan wasa, ya rasu a 1992 a ƙasar Holan jim kaɗan bayan gasa, kuma irin waɗannan ƙwayoyi aka danganta da mutuwarsa.

Fentin jiki har mu baƙaƙe muna yi, ko shafi ɗaya ne, domin fitilun dandamali suna wanke fata su ɓoye layin tsoka, fentin kuma yana daidaita launi. Ki riƙa goge fata da soso duk makon, ki aske gashin jiki saura kwana ɗaya ko biyu. Ranar fenti babu man shafawa, babu turare, babu humra, babu na hammata, wasunsu sukan mayar da fentin kore. Mai shafa man bilicin ta daina tun da watanni, fenti ba ya zama daidai a irin wannan fata. Bayan an fesa ki sa kaya baƙaƙe masu yalwa, ki tafi otal da zanin gadonki don kada a caje ki kuɗin nasu, ruwa kuma kada ya taɓa ki.

Mataki na 10: Ranar gasa

A jaka: kayan gasa, takalmi, lambarki, gam, allura da zare, roba ta motsa jiki, silifas, bargon shimfiɗa, caja, da abinci mai sauƙi kamar shinkafa da kaza, dabino, zuma. Ki ci kaɗan-kaɗan, ki riƙa kurɓar ruwa. Jira yana da tsawo, ki kwanta ki ɗaga ƙafa, amma kunnenki na wurin mai kiran aji.

Saura minti 15 ki ɗumama kafaɗa da baya da robar nan, kada ki taɓa ƙafa. Bayan kowa ta fito, za a kira lambobi rukuni-rukuni. Rukunin farko su ne na gaba, wadda aka sa a tsakiya kuma yawanci ita ke kan gaba. Ko an tura ki gefen dandamali ki ci gaba da riƙe jikinki, ana kallonki. Bayan gasar ki nemi alƙalai su gaya miki abin da ya rage, yawancinsu sukan amsa in kin aika da hotonki da lambarki.

Mataki na 11: Bayan an sauka

Wannan matakin ki rubuta shi tun kafin gasar, domin a daren ba za ki iya tunani ba. Ki ci abin da ranki ke so a daren, da safe ma ki ƙara, sannan ki koma kan tsari. Yunwar da ke biyo bayan gasa ba irin wadda kika sani ba ce, ciki zai cika amma baki bai ƙoshi ba, haka za ta yi makonni. Wadda ta sake wa kanta gaba ɗaya takan wayi gari ƙafafu sun kumbura, kilo shida ko bakwai sun hau cikin kwana goma.

Kada kuma ki ce za ki zauna a jikin dandamali, na kwana ɗaya ne. Daga Litinin ki mayar da abinci daidai abin da jikinki ke ƙonawa ko sama da haka kaɗan, ki rage tafiyar inji da rabi, ki koma jim da nauyi mai sauƙi. Ki bar kilo uku zuwa biyar su dawo cikin wata ɗaya ko biyu da saninki. Kada ki yi rajistar wata gasa sai barci ya daidaita, ƙarfinki a littafi ya koma inda yake, al'ada kuma ta zo sau uku a jere a kan lokacinta. In wata uku sun wuce ba ta dawo ba, ki koma wurin likitan da ya yi miki gwajin farko, ki tafi da littafin abincinki.